Amsa: Me za mu yi wa Baba da zai ajiye aiki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce dattijon da kuke aiki tare a Apapa zai yi ritaya bayan shekaru masu yawa, kana tambaya ko walima za ku shirya ko kyauta za ku saya.

Ni a ganina ku fara da takardunsa na fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, wurin aiki kuma kashi 10, a asusun da ke hannun kamfanin fansho, ƙarƙashin kulawar PenCom, wato hukumar fansho ta ƙasa. Dattawa da yawa ba su taɓa duba ko kuɗin na shiga ba. Ku sa yaro mai ido a kwamfuta ya raka Baba ofishin kamfanin fanshonsa, a duba sunansa da ranar haihuwarsa ko sun yi daidai da na NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a yi ta kai-komo wata da watanni, ga kuɗin haya a Legas ba ya jira.

Walima kuwa, kada ku kama zaure mai tsada. Bayan sallar Juma'a ku taru, a ci shinkafa, a yi masa addu'a, a nemi yafiyar juna. Sauran karo-karon ku damƙa masa a hannu, musamman in Arewa zai koma, don ɗaukar kaya daga Agege zuwa Kano ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kuma don Allah kada ku cire shi daga adashinku da zauren WhatsApp ɗinku sai in shi ya nema. Allah ya ba Baba lafiya.