Ga ƙanwar da aka ce sai ta sake baftisma

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na kife waya na yi shiru. Kin ce dangin saurayinki sun dage wai Katolika ba Kirista ba ne, sai kin sake baftisma a cocinsu kafin su kawo kayan aure, har kin fara tambayar kanki ko gaskiya suke faɗa. Ruwan da ke dukanki ya dake ni, shekara 11 ke nan.

Ni 'yar Malumfashi ce, aure ya kawo ni Katsina. Da mijina babu matsala, gwaggonsa da ta raine shi ce ta sa ni gaba. Ina cikin jegon fari Mama ta rasu. Abin da na ɗauko cikin kayanta rosarinta ne kawai, wato carbin addu'armu na Katolika, baƙi na katako, 'ya'yansa sun yi sulɓi saboda ja. Na rataye shi a ƙusa saman gado. Gwaggo ta shigo ganin jariri, idonta ya faɗa kansa. Ko da hannu ba ta taɓa shi ba. Da bakin muciya ta sakato shi kamar mushen ɓera, ta fita tsakar gida ta jefa a murhun da ake dafa mini ruwan wanka. Ta ce, "Ba a shigo mana da laya gidan nan. Uwarki da ta mutu tana bautar Maryamu, ke ma kin san inda take yanzu." Kwana tara da binne Mama! Matar da take tashi da asuba ta yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunanmu, wadda ba ta taɓa barin maƙwabci ya kwana da yunwa ba. Mijina yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Na yafe wa gwaggo, ta ma riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na ji warin katako yana ƙonewa sai ƙirjina ya yi nauyi. Shirun nan nasa ya fi maganarta yi mini ciwo.

Ke Kirista ce, kada ki bari a girgiza ki. An yi miki baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Afisawa 4:5 ta ce baftisma ɗaya ce. Mu in nasu ya dawo wurinmu da irin wannan baftismar ba a sake masa. Shahadar bangaskiya da muke faɗa ranar Lahadi tushenta taron Nikiya ne na shekarar 325, shi kuwa Martin Luther sai 1517 ya fara jayayya da Roma. To kafin nan babu Kirista a duniya ke nan? Za su ce mun ƙara littattafai, namu 73 nasu 66. Bakwai ɗin nan, irin su Tobit da Makabiyawa, duk a Tsohon Alkawari suke. Sabon Alkawari 27 ne, da mu da su.

Maryamu kuwa ba ma bauta mata. Roƙonta muke ta yi mana addu'a, yadda kike cewa zumuntar mata su sa ki a addu'a. Farkon "A gaishe ki Maryamu" ma daga Luka sura 1 yake. Na san akwai na kirki a cikinsu da ba su gamsu da wannan ba, sun ce a roƙi Yesu kai tsaye. Wannan saɓani ne na gaske, ana iya zama a tattauna. Amma rashin yarda daban, jefa uwar mutum wuta daban.

Abin da ke ƙona mini rai, mu nawa ne a jihar nan da za mu riƙa korar juna? A CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tare muke zama. A Disambar 2023 da aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan garinmu, bishop na farko na Katsina, kuka na yi, ina cewa ina ma Mama tana raye.

Kada ki sake baftisma don kayan lefe. In wata rana zuciyarki ta karkata can, wannan tsakaninki da Allah ne. Ki je ki ga Fada tun yanzu, don irin wannan aure sai da izini, kuma za a tambaye ki batun baftismar 'ya'ya. Mu ba mu yanke wannan da wuri ba, sai da ɗana ya shekara uku ana jan magana. Ki gaya wa babanki kome, kada ki ɓoye don tsoron a fasa.

Sannan ki zaunar da yaron nan, ku biyu, ki tambaye shi: shi da bakinsa, iyayenki Kirista ne ko a'a? In ya ce e, zai iya maimaitawa a gaban mahaifiyarsa? Ki dubi idonsa lokacin da yake amsawa. Ki neme ni ta inbos ki gaya mini abin da ya ce.