Ma'anar "detach" da inda ake amfani da ita

Ka tambayi abin da "detach" ke nufi a jikin fom ɗin da aka ba ka, inda aka rubuta "detach and keep this portion". Cewa suka yi ka ɓalle wannan ɓangaren ka ajiye a wurinka. Duba da kyau, za ka ga layin ƙananan huji-huji a takardar, nan za ka bi ka yage.

Kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci, kuma kishiyar "attach" ce. Ana amfani da ita ga abin da dama an yi shi don a riƙa cirewa, kamar tirelar da ake kwancewa daga kan mota, ko hular rigar sanyi mai zif. Tana tafiya da "from": "detach the trailer from the truck".

Sai dai kada ka kai ta ko'ina. Idan yara na dambe ka shiga tsakani, "separate" za ka ce. In ma'aikatan lantarki sun yanke maka wuta, wannan "disconnect" ne. Haka kuma in aka ce mutum "detached" ne, ana nufin ya ja jikinsa gefe, bai damu da abin da ake ciki ba.