Tambaya da Amsa: Sai kana kusa da masana'anta zaka zama mai zana cip?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aji uku a jami'a ina karanta injiniyancin lantarki, kuma wallahi ina son aikin zana cip ɗin nan da ake sawa a waya da kwamfuta, amma abokaina sunce ɓata lokaci ne in ba kana kusa da masana'anta ba. Gaskiya ne? In ba haka bane ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokanka sun cakuɗa abu biyu ne, zana cip daban ƙera shi daban. Nvidia da Qualcomm da AMD duk basu da masana'antar kansu, a kwamfuta suke gama zanen sai su tura wa irin su TSMC na Taiwan su ƙera musu, to kaga mai zane kansa da kwamfutarsa ne jarinsa.

Aikin kashi kashi ne. Akwai masu dijital dake rubuta yadda cip zai yi aiki da yaren Verilog ko VHDL, akwai masu analog dake fama da transista ɗaya bayan ɗaya, wannan kam sai mai haƙuri da son lissafi kuma kamfanoni da yawa sun fi son mai digiri na biyu, sai masu shimfiɗa wayoyin zanen a kan silikon.

Ni dai shawarata ka dubi ɓangaren gwaji, wato masu bincikar zane kafin a ƙera. Ɗalibai na raina shi amma ana neman ma'aikatansa sosai, dalili kuwa cip ba kamar manhaja bane da zaka gyara bayan ta fita, in kuskure ya shiga silikon to ya shiga kenan. A 1994 wani kuskure wajen lissafin rabawa a cip ɗin Pentium ya jawo wa kamfanin Intel da ya ƙera shi asarar dala miliyan 475 wajen canza wa mutane. Shi yasa kamfani baya wasa da wanda ya iya yarukan SystemVerilog da Python da ake rubuta gwajin da su.

Manhajojin zana cip na kamfanonin Cadence da Synopsys tsada garesu, kar wannan ya tsayar da kai. Manhajoji irin su Icarus Verilog da Yosys da ngspice kyauta ne, kuma tun 2020 Google da masana'antar cip ta SkyWater suka buɗe wa kowa ƙa'idojin da ake bi wajen zana cip a fasahar ƙira ta nanomita 130. Ka fara da ƙaramin abu kamar na'urar ƙirga, ka gwada a allon FPGA, wato cip ɗin da zaka iya ɗora wa zanenka ka ga yadda yake aiki, daga nan ka gina ƙaramin firosesa na RISC-V, wato tsarin firosesa da aka buɗe wa kowa, ka ɗora a shafin intanet na GitHub inda masu ɗaukar aiki zasu gani. Allah ya bada sa'a.