Lallena ya wuce katanga amma ba ya kamu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da itacen lalle a jikin katangar gidanmu a nan Tawa. Ya girma har ya wuce katanga, yana fure yana ƴaƴa, ƙaya ma ta fito masa. Amma ganyen ƙanana ne, kuma in na daka na ƙunsa ba ya kamu, sai ɗan ja mai haske. Maƙwabta sun ce namiji ne, in tumɓuke shi in dasa wani. Mene ne gaskiya? Daga wata uwargida a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki tumɓuke shi. Lalle ba shi da namiji daban mace daban irin na dabino. Kowane fure nasa yana ɗauke da ɓangaren namiji da na mace a tare, shi ya sa kike ganin ƴaƴa. Ƙayar kuma alamar tsufa ce, ƙananan rassa ne bakinsu ke taurara ya yi tsini idan itacen ya manyanta. Abin da lallenki yake bukata yanka ne.

Abin da ke sa ƙunshi ya kama wani sinadari ne da ke cikin ganye, masana na kiran sa lawson. Shi ne ke manne wa fata da farce da gashi ya rina su. Ya fi yawa a sabon ganye, musamman a ɗan sandan da ke haɗa ganyen da reshe. Itacen da aka bari ya miƙe yadda ya ga dama, kuma lalle yana iya kai mita 6, ƙarfinsa yana tafiya ne wajen yin katako da fure da iri. Sai a bar ki da tsohon ganye mai rauni. Manoman Sojat, garin da ya yi suna da noman lalle a jihar Rajastan ta Indiya, ba sa barin shi ya zama itace. Yanke shi suke yi kusa da ƙasa a lokacin girbi, ya sake toho, kuma gona ɗaya tana yin shekaru masu yawa a haka.

Tunda naki ya riga ya yi kauri, ki sare shi daidai gwiwa da adda mai kaifi, a farkon damina, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, bayan ƙasa ta jiƙa. Ki zuba ruɓaɓɓen takin awaki a kewayen gindin, ba a jikin kututturen ba. Cikin ƴan makonni za ki ga toho ya cika shi. Wannan tohon shi ne lallen da kike nema, ki yanke shi kafin ya yi fure. In kina son ƙamshin furen, kuma ni kaina ina son sa ƙwarai da yamma, ki bar reshe ɗaya ya tafi, sauran ki riƙa aske su.

Zafin Adar, wato yankinku na Tawa, ba ya cutar da lalle, yana ma ƙara wa ganyen ƙarfi. Rana yake so sosai, don haka in katanga ko wani itace na yi masa inuwa yawancin yini, wannan ma yana rage kamu. Ruwan saman Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma ya ishe shi rayuwa, sai dai zai zubar da ganye da rani. Ki ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ya shiga ƙasa sosai. Hakan ya fi yayyafin kullum.

Akwai kuma inda mata da yawa ke asarar lalle mai kyau, wato wajen shanya. Ganyen da aka baza a tsakar rana yakan koɗe. Ki shanya a inuwa inda iska ke wucewa, ya bushe yana kore shar, ki daka ki tankaɗe, ki ajiye a abin da ke rufuwa ruf. Garin da ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi rauni. Wajen kwaɓi ki sa ɗan ruwan lemun tsami, ki rufe ya yi wasu awoyi kafin ki ƙunsa. Kuma kada ki yanke masa hukunci da kin kankare, launin yana ƙara duhu cikin kwana biyu.

Rassan da kika sare kada ki jefar. Ki zaɓi masu kaurin yatsa, ki yanka su tsawon santimita 20 zuwa 30, ki cire ganyen ƙasa, ki kafa rabi cikin ƙasa mai danshi. Da damina suna kamawa da sauƙi, sun fi iri saurin fitowa, domin irin lalle ɓawonsa tauri gare shi, sai an jiƙa shi kwanaki. In kika jera su za su zame miki shinge.

Gargaɗi ɗaya nake so ki isar wa matan gida: kada a shafa wa jariri lalle. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni na gado a jini, kuma ana samun sa sosai a ƙasashenmu, wanda lalle ke iya farfasa musu ƙwayoyin jini har shawara ta kama su.