Amsa ga ɗan'uwan da hotuna suka cika wa waya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka fara koyon gyaran hoto, kana neman inda za ka samo hotunan gwaji, kuma waɗanda ka tara sun cakuɗe har ba ka bambance na asali da wanda ka gyara. Wallahi ina karantawa na ji kamar ni na rubuta, shi ya sa na kasa wucewa.

Da farko, hoton da aka turo maka ta WhatsApp yadda aka saba, kada ka ɓata lokacinka a kansa. Matse shi ake yi, kana ɗaga haske sai fuska ta farfashe. Ka ce a turo ta wajen Document, a nan ne yake zuwa da nauyinsa. Na kyauta kuwa akwai shafukan intanet irin su Unsplash da Pexels da Pixabay. Sai dai yawancinsu an riga an gyara su, kuma fatar Turawa ta fi yawa a ciki. Ka ƙware a kansu, ranar da aka kawo maka amarya baƙa kyakkyawa cikin farin leshi, an ɗauke ta a rumfa da rana tsaka, sai hannunka ya ɗau rawa. Ka gyara leshin fuska ta dushe, ka haska fuska leshin ya ƙone. Wannan shi ne aikinmu a nan Jos, a kansa ya kamata ka horu.

Don haka ka fita ka ɗauka da kanka. Je ka kasuwar Farin Gada da sassafe, jan tumatir da koren kabeji da karas za su koya maka launi. Duwatsun Shere lokacin hunturu za su koya maka yadda ake fama da hazo. Duba kyamarar wayarka, in tana da tsarin ɗauka na Pro, mai yiwuwa tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba (a waya DNG ake ce masa), kuma manhajojin gyaran hoto Snapseed da Lightroom duk suna buɗe shi.

Amma maganar ajiya ita ta fi ci mini rai. Kwamfutata ta ƙi tashi, na kai wa wani mai gyara a cikin gari. Na gaya masa, na nanata, na ce malam don Allah kada ka taɓa ɓangaren da hotunana suke. Ya ce kada in damu. Da na koma sai na tarar ya goge hadis ɗin, wato hard disk, ma'ajiyar kwamfutar, kaf ya ɗora sabon Windows. Ban da hotunan gwaji, akwai na bikin ƙanwata, akwai na kakata da na ɗauka a Gangare tana zaune a kan tabarma da farin mayafi, carbi a hannu, hasken taga ya sauka a gefen fuskarta. Ina ajiye da shi ne sai hannuna ya faɗa in gyara shi in wanke mata. Allah Ya yi mata rasuwa kafin nan. Ka san abin da mutumin nan ya ce mini? Wai ai hotuna ne kawai, in sake ɗaukar wasu. Ko haƙuri bai ba ni ba, hannu ya miƙo yana jiran kuɗin aiki. Na tsaya a shagon nan ƙafata ta kasa ɗaukata. Na gwada Recuva, manhajar dawo da abin da aka goge, ɗan abin da ya dawo rabi hoto rabi toka, tunda sabon Windows ya hau kansu. Har yau in na bi ta layin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah.

Saboda haka, na asali ka ajiye shi wuri biyu, kuma kada ka taɓa yin gyara a kansa, kwafa za ka yi. Ni folda uku nake da su: Asali, Kan Aiki, Gamamme. A ciki ina sa shekara da wata da wuri, kamar 2024-12 Shere. JPEG in kana ta gyarawa kana sake ajiyewa a kansa lalacewa yake yi a hankali, aikin da ba ka gama ba ka bar shi a PSD, wato tsarin ajiya na Photoshop.

Google na ba da 15GB kyauta, amma tare da Gmail da Drive ake cinsa, ajiyar nan marar iyaka ta Google Photos an rufe ta tun Yunin 2021. RAW ɗaya na kyamara kan kai 25MB, ka ga ba zai ɗauke ka nisa ba. Zaɓi mafi muhimmanci ka ɗora, sauran ka nemi hadis na waje. Ka kuma yi hattara da memori na jabu, ya nuna 64GB alhali cikinsa bai kai ba. Gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin cikin memori, kafin ka zuba komai.

Sannan don Allah, hoton 'yar mutane da ka samu wajen masu ɗaukar biki, gwaji kawai, kada ka ɗora a Facebook ba da izininta ba. Mun ga abin da hakan ya jawo a zauren nan.

In kana cikin Jos ka yi mini magana ta saƙo, ka zo da filas na kwamfuta in zuba maka RAW ɗin Farin Gada da na Riyom. Wace irin waya kake riƙe da ita ma?