Ku Tambayi Masana: Injin Ne Ya Lalace ko Samfurina Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina digiri na biyu, aikina a kan farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina ne. Na gasa ta a tanderu a zafin digiri 750 na salshiyas, na biya kuɗin gwajin XRD (wanda ake haska samfur da X-ray don gane ma'adinan cikinsa, kowane da tsininsa a zane), amma zanen da aka ba ni babu tsinin da nake nema, sai wani tudu da dogon tsini guda wajen lamba 26 a ma'aunin kusurwa na zanen. Ko injin ne ya lalace? — Ɗaliba, Samaru

Amsa: Wa alaikis salam, malama. Injin lafiyarsa ƙalau, gashinki ma ya yi kyau. Ɗanyar farar ƙasa tana ba da tsini a 12.3 da 24.9 idan bututun da ke fitar da X-ray a injin na tagulla ne. Da zafi ya haura 550 zuwa 600, ruwan da ke cikin ginin ma'adinin sai ya fita, tsarinsa ya rushe, tsinin biyu su ɓace, a bar ki da tudun nan da kika gani. Na 26.6 kuwa kwaz ne, wato yashi, shi wannan zafin bai kai ya rusa shi ba. Abin da ya rage miki shi ne ki kai ɗanyar ma a gwada, ki jera zanen biyu. In ba haka ba, ranar kare aiki ba ki da abin kwatance.

Kafin ki koma, ki shirya samfurin da kyau, don a nan yawancin ɗalibai ke asarar kuɗinsu. Busar da shi a zafin digiri 105, ki daka a turmin aƙiƙ har ya bi ta rariya mai mikron 75 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ki ɗebi kamar giram 2. Turmin nan na kowa ne: wanda ya riga ki ƙila siminti ya daka, don haka ki goge shi da etanol, ya bushe, kafin ki zuba naki. Wajen cika faifan da ake sa wa a injin kada a danne garin da ƙarfi. Ƙwayoyin yumɓu falle-falle suke, in an danna sai su kwanta fuska ɗaya, tsinin 12.3 ya yi tsawon da ba nasa ba. Sannan a hunturu kada ki bar samfur a buɗe a kan benci, ƙurar da ke shigowa ta taga cike take da kwaz. A kwalba mai murfi za ki kai shi, da suna da kwanan wata a jiki, ba a ƙullin leda ba.

Tambaya: Na haɗa roba da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Hoton SEM (madubin ƙara girma mai aiki da harbin lantarki) ya fito da farin ƙyalli da layuka, ba a ganin komai. — Wani ɗalibi, Sabon Gari

Amsa: Samfurinka ba ya ɗaukar lantarki, shi ya sa cajin da injin ke harbawa ya taru a fuskarsa. Sai an yi masa siririn rufi na zinariya, mai kaurin kamar nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), an kuma ja salatif ɗin kabon daga samansa zuwa kan ƙarfen da aka ɗora shi, don cajin ya samu hanyar fita. In babu injin rufin, ka roƙi mai kula da injin ya rage ƙarfin harbin zuwa kilobolt 5. Idan kana son EDS, wato na'urar tantance sinadarai da ke haɗe da SEM, ya nuna maka sinadaran ciki, rufin kabon ya fi, domin tsinin zinariya na hawa kan na fosfaras da salfa.

Ka kuma ji tausayin na bayanka. Cikin injin babu iska, an zuƙe ta. Samfur mai danshi ko maiƙo yana ƙazantar da cikin injin, garin da bai manne ba kuma ya tashi ya shiga inda ba a so, musamman garin ƙarfe da maganaɗisun injin ke ja. Gyaran irin wannan sau da yawa sai an jira kaya daga waje, layin ɗalibai kuwa na nan tsaye.

Tambaya: Ina so in san sinadaran da ke cikin wani dutse, musamman waɗanda adadinsu kaɗan ne ƙwarai. Gwajin XRF, wanda ke auna sinadarai da hasken X-ray, ya isa? — Mai bincike, Kongo

Amsa: Ga manyan sinadarai irin su silika da alumina da ƙarfe, ya isa. Ga waɗanda ba su wuce 'yan ɗigo cikin miliyan ba, tuntuɓi CERT, cibiyar bincike da horo kan makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Injin nukiliyarta na bincike, NIRR-1, yana aiki tun 2004, kuma ana gwajin kunna samfur da niyutiron a can, wato a harba wa samfur ƙwayoyin niyutiron sannan a gane sinadaransa daga hasken da yake fitarwa. Sai dai ka shigar da jira cikin lissafinka: wasu sinadaran sai samfurin ya yi kwanaki ko makonni ƙarfin hasken nukiliyarsa na raguwa kafin a auna su. Ka fara zuwa ka tambayi nauyin da suke karɓa da yadda suke so a niƙa, tun kafin ka fasa dutsen.