Fuskarki tana ɓarewa da salisilik asid? Ni ma na sha wannan

'Yar'uwa, da na karanta cewa kin fara shafa salisilik asid saboda kuraje, yanzu fuska sai ɓarewa da raɗaɗi, wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru. Abin da ya same ni ke nan.

Don Allah ki dakata da shi tukuna, ki duba jikin kwalbar. Ƙarfin na fuska daga kashi 0.5 ne zuwa 2 cikin 100. Ni wadda ta sayar mini da kanta ta haɗa, ko harafi ɗaya babu a jikin robar. Ta ce in shafa safe da dare, wai in na ji zafi to aiki yake yi. Na yarda. Kwana biyar kumatuna suka saluɓe, ko ruwa ya taɓa wurin sai hawaye. Na kira ta, ko sannu babu, wai jikina ne bai karɓa ba, daga nan ta daina ɗaga wayata. Sati uku ban leƙa ƙofar gida ba, madubi ma juya shi na yi. Har yau maganar nan ta "aiki yake yi" tana ci mini rai. Likitan fata da ya duba ni ya ce ƙunar ta yi kama da ta mai ƙarfin nan da ake cire kantar ƙafa da shi, mai kaiwa kashi 40.

Shi maganin ba shi da laifi. A maiƙo yake narkewa, ruwa bai cika narkar da shi ba, shi ya sa yake iya kutsawa ramukan fata ya sassauta matacciyar fatar da ta toshe su. Ana sa shi ma a sabulun amosani. Yanzu haka ina amfani da na kashi 2, amma sau uku a sati, in bi da man da ke riƙe danshi. Idan kin warke ki fara a hankali, kada ki haɗa shi da retinol (man gyaran fata dangin bitamin A) dare ɗaya, kuma sai kin yi haƙurin sati shida zuwa takwas.

Af, dangin asfirin ne, in asfirin na tayar miki da borin jini kada ki kusance shi. Masu ciwon sukari kuma kada su sa na cire kanta a ƙafa sai likita ya ce. Ki kiyayi rana, ita ta mayar da ƙunata baƙin tabo. Ki turo mana hoton rubutun kwalbar mu gani.